Talatin da Ɗaya na Jan Littafi

Litinin, 3 ga wata, biyar saura kwata na yamma

Gwajin Tela ya sake fitowa fes, karo na biyu ke nan. Sista, babbar nas ɗinmu, har da tafi. Ta ce wa tsohon ya koma gida ya ɗauki jikokinsa, babu sauran ƙwayar tarin fuka a ƙirjinsa. Likita ne kawai bai yi dariya ba. Ya ce ruwa ba ya tsami banza. Ta yaya mutum zai gama maganin wata shida, gwajin kakinsa na ƙarshe ya nuna cuta, a sake gwadawa sau biyu a tarar babu komai? Ya ce in duba masa katin idan na samu sarari.

Shekarata goma sha tara a ɗakin katin nan. Kanta huɗu, taga ɗaya, da fankar da ke juyawa in ta ga dama. Ban taɓa ɓatar da kati ba, kuma ba na jin kunyar faɗa, shi ya sa Sista ke ce mini Kwamfuta. Littafin rajista biyu gare mu: shuɗi na waɗanda aka gano cutarsu a nan, ja na waɗanda aka turo mana daga ƙananan asibitoci. Kowanne daga lamba ɗaya yake farawa. Saboda rufin asirin marasa lafiya, Mai Lab, wato mai gwada mana kaki, ba ya rubuta suna a takardar sakamako, lamba kawai yake sawa, sai ya ɗiga jan biro a kusurwar sama idan mutumin na jan littafi ne.

Tela shi ne talatin da ɗaya na shuɗi. Na ciro katinsa, na zare fil, na warware kunnen takardar da aka ninke a kan katin. Ɗigon ja na nan ƙarƙashin ninkin, zaune abinsa.

Talatin da ɗaya na jan littafi wani direban babbar mota ne. Rana ɗaya suka ba da kaki shi da Tela. Na ciro nasa katin, sai ga takarda mai cewa babu cuta, kuma babu ɗigo a jikinta. An yi musaya ke nan. Sati uku da suka wuce aka sallame shi, aka ce ya warke, alhali cutar na nan a ƙirjinsa. A bayan katin, inda ake rubuta mutanen gida, suna ɗaya ne tal: matarsa, kuma an rubuta tana da tsohon ciki.

Na mayar da ninkin yadda yake. Na ce wa Likita sai gobe.

Talata, 4 ga wata, goma na safe

Na kira lambar da ke katin Direba sau shida. Matar nan ta cikin waya ta ce a kashe take. Ita ba ta gajiya da faɗa, ni kuma ban gaji da ji ba.

Talata, huɗu da rabi na yamma

Likita bai tambaye ni ba, yana wajen taro tun safe. Na ji daɗi, daga baya na ji haushin kaina da na ji daɗin.

Shawarar da na yanke ita ce in nemo mutumin da kaina, in kawo shi, sannan a yi magana. Magana ta fi sauƙin faɗa idan mutumin na zaune a kan benci.

Laraba, 5 ga wata, sha biyun rana

A kashe.

Alhamis, 6 ga wata, bayan magariba

Da na tashi daga aiki na bi adireshin. "Bayan gidan mai, koriyar ƙofa." Gidan mai uku ne a titin, korayen ƙofofi kuwa kamar tare aka raba musu fenti. Duk wanda ya karɓi irin wannan adireshin ya rubuta a kati ya cancanci bulala. Na san rubutun, nawa ne.

A ƙofa ta biyar na dace. Wata mata na shanya a tsakar gida, ta ce ai sun tashi. Mijin ya koma hanya tun da aka ce ya ji sauƙi, matar kuma ta koma wurin yayarta za ta haihu. Ina yayar take? Ta watsa hannu. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Lafiya dai ko?"

Na ce lafiya lau. Ba ni da ikon faɗa mata ciwon maƙwabcinta, ko da ina so.

Ƙafata ta kumbura. Na jiƙa ta a ruwan ɗumi, autata na yi mini dariya wai na zama tsohuwa.

Asabar, 8 ga wata, hantsi

Na wanke labulen falo. Baban yara ya tsaya yana kallona ya ce, "Tun Litinin kike wanke abin da ba shi da datti. Mene ne?"

Na ce wata ce a wurin aikinmu ta yi kuskure, na ba shi labarin duka. Ya saurara har ƙarshe, yana gyara rediyonsa da ba za ta taɓa gyaruwa ba.

"To," ya ce, "ki gaya wa watan nan ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kowace rana ta yi shiru, bawan Allahn nan yana tari a gaban wani. Gobe jariri ne."

Na ce shi me ya sani game da aikin asibiti. Ya ce babu, amma ya san matarsa. Na shige ɗaki na bar masa labulen a bokiti. Ba abin da ya fi ciwo irin mutum ya faɗa maka gaskiya yana murmushi.

Litinin, 10 ga wata, ɗaya na rana

Na faɗa.

Na ajiye katunan biyu a teburin Likita, Sista na tsaye. Na ce an yi musayar takarda, an ninke kunnen ya rufe ɗigon.

Sista ta ce, "An ninke? Kwamfuta, wa ke ninke kunnen takarda a duk asibitin nan?"

Kowa ya san ninkin. Sauran ma'aikata soke fil kawai suke yi, takarda na yawo tana faɗuwa. Shekara goma sha tara ana yabon wannan ninkin.

Likita ya tambayi yaushe na gani. Na ce Litinin. Ya ce wace Litinin. Na ce waccan. Ya cire tabarau ya murza ido, kuma wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya ce takardar ba'asi za ta zo daga ofis, wannan ba makawa, amma ba ita ce a gabansa ba. A nemo mutumin kafin ya shiga ɗaki ɗaya da jariri. Ya ce wa Sista ta raka ni duk inda zan je.

A hanyar fita Sista ta ce, "Da kin faɗa mini tun ranar, da ƙafa huɗu ke nemansa, ba biyu ba." Sai ta miƙo mini ruwa. Na sha, na yi kuka kaɗan a bayan kanta ta uku, na wanke fuska na ci gaba da aiki. Abin mamaki, yau na ci abincin rana na cinye.

Laraba, 12 ga wata, biyar na yamma

Mun je tashar manyan motoci ni da Sista. Ta cire farar rigarta ta sa a jaka don kada a gane daga inda muke. Direbobi na zaune a inuwar tirela, muka faɗi sunansa, nan take kowa ya zama bai taɓa jin sa ba.

Wani mai furfura ya ce, "Hajiyoyi, me ya yi muku?"

Sista ta ce, "Bai yi komai ba, baba. Saƙo ne."

"Ku ba mu saƙon mana."

"Nasa ne."

Suka kwashe da dariya. Ɗaya ya ce saƙon da mata biyu suka ɗauko ba ƙarami ba ne. Ni dai na cije. Kalma biyu za su buɗe bakinsu, amma in na faɗe su, gobe babu wanda zai sha ruwa a kofi ɗaya da shi, wataƙila ma a karɓe motar. Mun bar lambata wurin mai furfurar. Ya ninke takardar ya sa a aljihu irin sawar da ba za a sake cirowa ba.

Juma'a, 14 ga wata, tara na safe

Shiru kamar an shuka dusa.

Juma'a, uku na yamma

Takardar ba'asi ta zo. Kwana bakwai suka ba ni in amsa. Na amsa a minti goma, layi huɗu, kuma babu kalmar "an" a ciki ko sau ɗaya.

Na kwashe yammacin ina zare fil daga katuna. Ɗari biyu da sha shida, duk na warware kunnuwansu na duba. Babu wani kuskuren. Alhamdu lillahi. Yatsuna sun yi ja.

Litinin, 17 ga wata, biyu na rana

Tela ya zo karɓar takardar sallamarsa, ya sha guga, hula a karkace. Na shigo da shi ɗakin kati, abin da ba na yi wa kowa, na faɗa masa takardar da ta sa shi kuka ba tasa ba ce, kuma hannuna ne ya maƙala ta. Sati uku ya yi yana kwana a shago don kada ya shafa wa jikokinsa.

Ya ce, "'Yata, ni na taɓa ɗinka wa mutum wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Ya sa ya tafi wurin aiki ma. Allah ya yafe mana gaba ɗaya." Sai fuskarsa ta canza. "To takardar ta wace ce?"

Na ce ba zan iya faɗa ba. Ya ce ba sai na faɗa ba, mutum biyu ne suka tofa a kwalba a safiyar nan, kuma wata shida suka yi suna zama a benci ɗaya. Ya dafe ƙirji ya ce, "Yaron nan mai ɗokin haihuwa. Kin neme shi?"

Na ce na nema har ƙafa ta kumbura.

"A ina?"

Na lissafa masa.

Ya ce, "Ikon Allah. Ai matarsa a asibitin nan take awo. Duk Laraba tare suke zuwa, ya raka ta can ginin, ya dawo nan layinmu."

Na ji kamar in nutse. Ina yawon tasha da lungu, ashe amsar na ginin da nake hangowa ta tagata. Ni da nake cika baki da kati, ban tuna mai ciki ma tana da kati ba.

Litinin, huɗu na yamma

Mai katin awo ba ma ga maciji da ita tun wata rigima a kan kantar ajiye katuna, shekara shida ke nan. Na je da takardar izini daga Likita, na gaishe ta har da rusunawa. Ta ce yau wace rana, Kwamfuta a ɗakinta. Na haɗiye. Da ta ji abin da ya kawo ni ba ta ƙara tsokana ba, ta hau kujera da kanta ta sauko da fayil ɗin.

Matar ta haihu a nan kwana goma sha biyu da suka wuce. Mace. Akwai lambar waya, ta yayarta.

Kwana goma sha biyu. Na ƙirga da yatsu sau uku, ko za su ragu.

Talata, 18 ga wata, sha ɗaya na safe

Na kira, Sista na gefena. Yayar ce ta ɗauka, ta miƙa wa maijegon. Ita ta san da ciwon, ita ce ma ke tsaya masa wurin shan magani, don haka ina iya yi mata magana. Na tambaye ta ina mijinta.

"Yana hanya. Tun da ya tafi bai dawo ba, ko 'yar bai gani ba. An sace masa waya, sai in ya ari ta wani yake kirana."

Bai ga 'yar ba. Sista ta ɗaga hannu sama.

Na tambaya ko yana tari. Ta ce da ya kira ranar Asabar ta ji yana yi, ya ce ƙurar hanya ce. Sai ta ce, "Me ya faru?" Na faɗa mata.

Ba ta yi ihu ba. Muryarta ƙasa ta yi. "Ku kuka ce ya warke. A gabana aka faɗa. Wata shida ina tashinsa da asuba ya sha magani, yana amai ina lallashi. Wa ya yi wannan?"

Sista ta miƙo hannu za ta karɓi wayar. Na hana ta. Na ce, "Ni ce, mai katin. Ni na haɗa takardarsa da ta wani."

Ta kashe wayar.

Talata, uku da rabi na yamma

Ta kira da kanta. Ba gaisuwa. Ta ce, "Me zan ce masa in ya kira?"

Likita ya yi mata bayani: kada ya sauka a gida, ya wuce asibiti kai tsaye, ko wace rana ce. Ta ce ya ce ƙarshen satin nan zai iso, amma ba ta san ko zai kira kafin nan ba, mutum ne mai son a gan shi kwatsam. Ta ce za ta sa yayarta ta riƙa zama a ƙofa.

Laraba, 19 ga wata, sha biyun rana

Bai kira ta ba.

Alhamis, 20 ga wata, huɗu na yamma

Bai kira ba. Na sa wayata a aljihun gaba, ko banɗaki da ita nake shiga.

Mun zauna da Mai Lab da Likita. Daga wata mai zuwa littafi ɗaya ne, lamba ɗaya, kuma mutum biyu za su duba kowace takarda kafin a sallami mara lafiya. Mai Lab ya ce shi ma da laifinsa, ɗigo ba rubutu ba ne. Na ce ya bar mini kayana, ba na neman mai taya ni ɗauka. Ya ce to ko a laifin ma sai na yi rowa. Rabona da dariya har na manta.

Asabar, 22 ga wata, bakwai da rabi na safe

Ya kira ta jiya da yamma. Ta faɗa masa. Ta ce kafin ya ba ta amsa mai wayar ya karɓe abarsa. Ba ta san ko zai zo ba.

Baban yara ya ce mutumin da ya jure wata shida ba zai gudu a kan ƙofa ba. Na ce Allah ya sa. Yau ban yi masa musu ba, har ya taɓa goshina wai ko zazzaɓi nake.

Litinin, 24 ga wata, biyar na yamma

Ya zo.

Ƙarfe tara na gan shi a bakin ƙofa da jakarsa a kafaɗa, ko gida bai biya ba. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Sista ta ba shi takunkumin rufe hanci da baki, ya ba da kaki, aka sa a na'ura. Kafin azahar sakamako ya fito: cutar na nan, amma ba irin mai gagarar magani ba ce. Likita ya ce za a sake farawa daga farko, kuma in ya riƙe maganin da kyau, nan da 'yan makonni zai ɗauki 'yarsa.

Matar ta zo da jaririyar. Likita ya ce a haɗu a waje, gindin bishiyar da ke bayan ɗakinmu, inda iska ke kaɗawa. Ta tsaya nesa da shi kamar taku biyar, ta buɗe zanen ta juyo da fuskar yarinyar. Ya sa hannuwansa biyu a baya ya riƙe ɗaya da ɗaya. Ya leƙa, ya sake leƙawa. Ya ce, "Hancina ne." Matar ta ce Allah ya kiyaye. Suka yi dariya, takunkuminsa na jiƙewa.

Na so in koma ɗaki, amma na san bashin magana na kaina. Na matsa na ce masa ni ce, na faɗi yadda aka yi, har da satin da na yi ina shiru. Ya saurare ni yana kallon ƙasa.

Ya ce, "Da wannan takardar taki na yi ta kwana a mota ɗaya da mutum biyu."

Na ce Likita ya ce a kawo su a duba su, ba tare da an tona shi ba.

"Kwana goma sha tara da haihuwarta, yaya. Ga ta ga ni, ban isa in taɓa ta ba."

Ban nemi ya yafe ba, don na ga kamar ƙarin kaya zan ɗora masa.

Ya gyara jakarsa ya ce, "Ban huce ba tukuna. Ba zan yi miki ƙarya ba." Ya ɗan yi tari, ya juya baya ga yarinyar har ya lafa. Sannan ya ce, "Gobe ƙarfe nawa zan zo?"

Na ce takwas.

Talata, 25 ga wata, takwas da minti goma na safe

Bakwai da rabi na iso don in riga shi. Na tarar da shi a kan benci, da gorar ruwansa a hannu.

Bai gaishe ni ba. Ya haɗiye maganin a gaban Sista, ya zo taga ya tsaya har na ja layi a gidan farko na sabon katinsa. Ya ce in juyo da katin ya gani. Na juya masa. Ya karanta sunansa da lambarsa, a hankali, yana bi da yatsa, ya gyaɗa kai.

Ya ce, "Kullum sai kin nuna mini."

Na ce kullum.